Manhaja ta ƙi aiki: yadda ake bin sawun matsala har a kamo ta

Wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da ke hana yatsu lanƙwasuwa, wayata ta yi ƙara tun ban gama shan shayi ba. Wani Alhaji ne da na rubuta wa manhajar lissafin shago, yana sayar da taki da maganin feshi a wajen Farin Gada. Muna gama gaisawa ya ce, "Malam, abin nan naka fa ya lalace." Na ce, "Ranka ya daɗe, me ya rubuta a allo?" Ya ce, "Wani jan Turanci ne ya fito, yaro ya danna ya tafi."

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja aka biya shi ya san irin wannan kira. Kuma na san abin da zuciya ke fara raya wa mutum: buɗe kod, wato rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, ka taɓa nan, ka goge can, ko Allah zai sa a dace. Na yi shekaru ina wannan lalube cikin duhu, kuma sau da yawa gyaran gangar Auzinawa nake yi, in toshe rami ɗaya in buɗe uku. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne tsarin da nake bi yanzu, ko manhajar ta kan kwamfuta ce ko ta intanet.

Mataki na farko: sa matsalar ta sake faruwa a gabanka

Kafin ka taɓa ko layi ɗaya, sai ka iya jawo matsalar da hannunka duk lokacin da ka ga dama. In ba ka iya ba, ko ka yi gyara ba za ka san ko ya ci ba.

Na ce Alhaji ya ba yaron shagon waya. Tambayoyina huɗu ne, kuma su nake yi wa kowa: me ka danna, me ka rubuta a gurbin harafi da harafi, me ka zata zai faru, me ya faru? Sai ta biyar, wadda ta fi su nauyi: yaushe rabon da ya yi aiki lafiya, kuma me ya sauya tun daga lokacin? Mutane sukan ce babu abin da ya sauya. Ka ƙara tambaya cikin ladabi. Za ka ji an sayo sabuwar firinta, ko Windows ta sabunta kanta cikin dare, ko an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

Yaron ya ce tun safe yake shigar da ciniki lafiya, mutum ɗaya ne kawai in an zo kansa sai abin ya ƙi. Na ce ya sake gwadawa, in jan rubutun ya fito kada ya taɓa komai, ya ɗauki hotonsa ya turo min ta WhatsApp. Ka koya wa duk mai amfani da manhajarka wannan ɗabi'ar, gani ya kori ji.

Mataki na biyu: karanta saƙon kuskuren har ƙarshe

Abin kunya ne a faɗa, amma yawancinmu ba ma karantawa. Ido na ganin ja sai gaba ya faɗi, a kwafe a tafi Google. Alhali saƙon yana ɗauke da abu uku: irin kuskuren, sunan fayil, da lambar layi.

Inda ake fara karatun ya danganta da yaren. A Python daga ƙasa ake farawa: layin ƙarshe shi ne sunan kuskuren, na samansa kuma inda abin ya fashe. A JavaScript da Java da C# kuwa kuskuren yana sama, jerin kiran da ya kai gare shi yana biye a ƙasa. Jerin kan yi tsawo, galibinsa fayilolin fakitin da ka aro ne. Ka tsallake su, ka nemi layin farko da ya ambaci fayil ɗin da kai ka rubuta. Kusan kullum nan ne bakin zaren.

In kurakurai sun fito ashirin a jere, na farko kaɗai za ka kula. Baka guda, irin `(` ko `{`, da ka manta ba ka rufe ba tana iya haifar da sauran goma sha taran.

Wasu saƙonni za ka yi ta haɗuwa da su har ku saba. `Cannot read properties of undefined` a JavaScript, `NullReferenceException` a C#, da `'NoneType' object has no attribute` a Python, duk magana ɗaya suke yi: ka miƙa hannu cikin buhu ka tarar babu komai. Layin da ya fashe ba shi ne mai laifi ba. Tambayar ita ce wa ya kamata ya zuba abu a buhun, kuma me ya hana shi? Wataƙila binciken rumbun bayanai bai samo kowa ba, wataƙila amsar saba, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun manhaja ta intanet, ba ta iso ba tukuna domin ka manta `await`, umarnin jiran amsa. Tony Hoare, wanda ya shigo da wannan "babu komai" cikin yaren ALGOL W a 1965, da bakinsa ya kira shi kuskuren dala biliyan a 2009. To in ya kayar da kai, ba kai ne farau ba.

Idan kuma babu saƙo ko kaɗan, shafi ya fito fari fat ko manhaja ta rufe kanta shiru, saƙon yana nan, an ɓoye shi ne. A Laravel, tsarin gina manhajar intanet da yaren PHP, duba fayil ɗin log, inda ake rubuta kurakurai: `storage/logs/laravel.log`. A PHP tsura nemi fayil ɗin `error_log`. A Windows buɗe Event Viewer. Manhajar da ka dunƙule da PyInstaller ka ɓoye mata baƙar taga, sake dunƙule ta da tagar a buɗe, ka kunna ta daga tagar umarni, za ka ga abin da take faɗa kafin ta mutu. Sannan ka binciki kod ɗinka ko akwai inda ka rubuta `except: pass` ko `catch` da babu komai a cikinsa. Wannan kamar ɗaure bakin mara lafiya ne don kada ya dame ka da nishi.

Mataki na uku: rage faɗin dajin

Yanzu ka san yadda ake jawo matsalar, ka san abin da take cewa. Saura a gano inda take kwance. Dabarar ita ce rabawa biyu. A ce bayani yana tashi daga fom, ya bi ta saba, ya shiga rumbun bayanai, ya dawo allo. Tsaya a tsakiya ka duba: abin da ya iso saba daidai ne? In daidai ne, ka wanke fom, laifin yana gaba. Sake raba abin da ya rage biyu.

Ana dubawa da `print` ko `console.log`, kuma babu abin kunya a ciki. Sai dai ka buga har da nau'in abin, domin `5000` lamba da `"5000"` rubutu kamarsu ɗaya a ido. In kana aiki da VS Code ko PyCharm ko Visual Studio, koyi dasa shinge a gefen layi: manhaja za ta tsaya cak a wurin, ka leƙa cikin kowace ma'ajiya, ka taka layi bayan layi. Yinin da ka kashe kana koyon wannan zai dawo maka da makonni.

Idan abin yana aiki makon jiya yau ya ƙi, Git, manhajar da ke adana tarihin sauye-sauyen kod, shi ne abokin tafiya. Linus Torvalds ya rubuta shi a 2005, kuma ko kai kaɗai kake aiki bai kamata ka zauna babu shi ba. `git diff HEAD` zai nuna abin da ka sauya tun ajiyar ƙarshe. `git bisect` kuwa rabawa biyun nan yake yi a kan tarihi: ka nuna masa ajiyar da ke lafiya da wadda ta lalace, ya riƙa kai ka tsakiya kana cewa lafiya ko ba lafiya. Ajiya dubu, gwaji kamar goma ya isa a kamo wadda ta kawo ɓarnar. Masu adana aiki da sunaye irin su "na ƙarshe", "na ƙarshe 2", "na ƙarshe na gaskiya", Allah ya shirye mu baki ɗaya, ni ma na yi.

Doka ɗaya a wannan mataki: sauyi ɗaya, gwaji ɗaya. Ka faɗa wa kanka abin da kake zargi, ka sauya abin da zai tabbatar ko ya ƙaryata zargin, in bai ci ba ka mayar da shi yadda yake kafin ka gwada wani.

Abin da ya kama manhajar Alhaji, da 'yan uwansa

Hoton ya iso. Saƙon na rumbun bayanai ne, yana cewa jimlar SQL, yaren da ake ba rumbun umarni da shi, ta karye a kusa da `azu`. Sunan mai sayen Mu'azu.

Laifina ne tsantsa. Na haɗa jimlar SQL ta hanyar manna abin da aka rubuta a gurbi kai tsaye cikinta. A SQL alamar ɗaurin nan ta sama ita ke buɗe rubutu ta rufe shi, don haka da aka zo kan Mu'azu sai rumbun ya ɗauka sunan ya ƙare a "Mu", ragowar kuma umarni ne da bai gane ba. Darussan da muke koyo da su cike suke da sunayen da ba su da wannan alama, shi ya sa ba ma gani sai an kai aiki kasuwa. A nan kuwa Sa'adatu da Shu'aibu da Rabi'u suna kowane layi, ga adireshi irin 'Yan Taya da 'Yan Shanu.

Kada ka gyara ta hanyar goge alamar daga sunan mutane. Maganin shi ne jimla mai gurabe, ka miƙa bayanin daban:

`cur.execute("INSERT INTO masu_saye (suna) VALUES (?)", (suna,))`

A PHP kuma `prepare` da `execute` na PDO. Ka ɗauki wannan da muhimmanci, domin ƙofar da Mu'azu ya yi tuntuɓe a kanta ba da niyya ba, ita ce ɓarawo ke bi da gangan ya rubuta umarnin da zai kwashe ko ya goge teburinka. Mu'azu taimakona ya yi.

Tunda mun shigo nan, bari in daɗe kaɗan, domin matsalolin da suka fi cin mu a ƙasar nan daga irin bayananmu suke fitowa.

Haruffa masu lanƙwasa. Ka rubuta "ƙasa" ka adana, ka dawo ka tarar da `Æ™asa`, ko alamar naira ta koma `â‚¦`. Dalili: a tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, ₦ kuma uku. In wani ɓangare ya karanta su da tsohon tsarin Windows mai ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda, sai ya fasa ƙ gida biyu. Wannan yana gyaruwa, bayanin bai ɓata ba, karatun ne ya karkace. Amma in ka ga `?asa`, a nan an yi asara: an tura harafin cikin teburin da ba shi da gurbinsa, misali mai tsarin `latin1`, ya maye shi da alamar tambaya. Bi hanyar gaba ɗaya ka tabbatar bakinsu ɗaya: shafin yana da `<meta charset="utf-8">`, teburin MySQL da igiyar haɗi da shi suna kan `utf8mb4`, fayil kuma ka buɗe shi da `encoding="utf-8"` a Python maimakon ka bar wa Windows zaɓi. In za ka fitar da CSV don a buɗe a Excel, yi amfani da `utf-8-sig`, in ba haka ba akawun makaranta zai kira ka ya ce sunayen ɗalibai sun zama yaren aljanu.

Akwai kuma ta bincike. An adana "Ɗanladi", mai nema ya rubuta "Danladi", manhaja ta ce babu shi. Ko waya ta saka lanƙwasasshiyar alama a Mu’azu alhali a rumbu miƙaƙƙiya ce. Ni nakan ware gurbi na biyu don bincike kawai, inda nake mayar da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b, in cire alamar, in mayar da komai ƙananan haruffa. Sunan asali yana nan yadda mai shi ke rubuta shi.

Lambar waya ba lamba ba ce. Haka lambar asusun banki mai tsawon 10, da BVN da NIN masu 11. Ba a tara su, ba a raba su, don haka rubutu ne. In ka ajiye lambar waya a gurbin lamba, sifirin farko zai faɗi. Ta fi haka muni ma: gurbin `INT` a MySQL ba ya wuce 2,147,483,647, lambobin wayarmu kuma sun zarce haka ko an cire sifirin. Ko dai rumbun ya ƙi karɓa, ko kuma, in ba a tsaurara saitinsa ba, ya datse ta. Ranar da ka buɗe teburi ka ga duk mutanen ciki lambar wayarsu 2147483647, ka san abin da ya faru.

Kuɗi. Buɗe burauza, danna F12, a shafin Console ka rubuta `0.1 + 0.2`, za ta ba ka `0.30000000000000004`. Ba lalacewa ba ce, haka kwamfuta ke riƙe ɓarin lamba a tsarin biyu-biyu. Amma in ka tara ciniki dubbai a haka, lissafi zai riƙa saɓawa da kobo ɗaya ko biyu, ɗan kasuwa kuma ba ya yafe wannan. Ajiye kuɗi da kobo a matsayin cikakkiyar lamba, ko ka yi amfani da `DECIMAL`. Paystack ma da kobo yake karɓar adadi, don haka in ka tura 5000 kana nufin naira dubu biyar, naira hamsin za a cire. Sannan duk abin da ya fito daga fom rubutu ne: `"5000" + 500` a JavaScript `"5000500"` zai ba ka, kuma `parseInt("5,000")` biyar ce cur.

Lokaci. Najeriya tana gaban UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya, sabobi da yawa kuma a kan UTC suke. Cinikin da aka yi ƙarfe 12:30 na dare a Jos, saba za ta rubuta shi 11:30 na daren jiya, in ƙarshen wata ne ya faɗa rahoton watan da ya wuce. Ajiye da UTC, ka nuna da `Africa/Lagos`. Kuma ka tuna a JavaScript Janairu wata na 0 ne.

In manhajar ta intanet ce

A nan gida biyu ne, burauza da saba, aikinka na farko shi ne gano wanne ne ba shi da lafiya. Danna F12. Shafin Console zai nuna kurakuran JavaScript. Shafin Network kuwa shi ne alƙali: sake danna maɓallin da ya ƙi, ka ga ko saƙo ya fita, me ya ɗauka, me aka amsa masa.

In babu abin da ya fita, matsalar tana burauza. In ya fita, lambar amsar za ta nuna maka hanya. Dangin 400 suna cewa daga wajen mai aike ne: 404 babu adireshin, 401 ba a san ko kai wane ne ba, 403 an san ka amma ba a yarje maka ba, 422 bayanin da ka turo bai cika sharaɗi ba. Masu Laravel za su riƙa ganin 419, galibi an manta `@csrf` a fom ko zaman mai amfani ya ƙare. Dangin 500 na saba ne: 500 kod ɗinka ya fashe a can, tafi ka karanta log, 502 da 504 kuma mai tsaron ƙofa irin Nginx ne ke cewa manhajar da ke bayansa ba ta ba shi amsar kirki ba, ko ta daɗe ba ta amsa ba.

Sai CORS, mai sa ɗan koyo kuka. Ka gwada a Postman, manhajar tura wa saba buƙata kai tsaye, lafiya, a burauza ja. Dalili shi ne burauza ba ta barin shafin da ya fito daga wani gida ya karanta amsar wani gidan sai da izini, kuma a wurinta `localhost:3000` da `localhost:8000` gida biyu ne daban. Izinin daga saba yake fitowa, ta kan `Access-Control-Allow-Origin`. Duk abin da za ka yi a kod ɗin burauza ɓata lokaci ne. Kuma in buƙatar tana tafiya da kukis, alamar tauraro `*` mai nufin an yarje wa kowa ba za ta yi ba, sai ka ambaci adireshin shafin da sunansa.

"Yana aiki a kwamfutata, da na ɗora ya ƙi." Ga inda nake fara dubawa. Windows ba ta bambanta `Logo.png` da `logo.png`, Linux da ke kan saba tana bambantawa. Fayil ɗin `.env`, mai riƙe saiti da kalmomin sirri, galibi ba ya bin Git, don haka wataƙila babu shi a can, ko yana nuni ga rumbun da ke kwamfutarka. Sigar PHP ko Node ta saba ta bambanta da taka. Folda ba ta da izinin rubutu. In kuma ka gyara amma har yanzu tsohon abu kake gani, danna Ctrl+Shift+R, a Laravel ka ƙara da `php artisan config:clear`. Wani ƙanena ya taɓa kwana yana gyara fayil ɗin da burauza ba ta ma ɗauko shi ba, da asuba ya kira ni ya ce, "Yaya, anya ba jifa aka yi min ba?"

Abu ɗaya da darussan waje ba su cika damuwa da shi ba: rashin ƙarfin sabis. Mahaifi yana biyan kuɗin makaranta daga wayarsa, shafi ya tsaya yana juyawa, ya danna sau uku, a rubuta biya uku. A shafin Network akwai inda ake rage gudun intanet da gangan, gwada aikinka a haka. Kashe maɓalli da zarar an danna, kuma ka ba kowace hada-hada lambar shaida tata, saba ta ƙi karɓar lamba ɗaya sau biyu. Na biyun ne maganin gaske, na farkon rage zafi ne.

In mutum ɗaya ne tak ke ganin gargaɗin tsaro a shafinka, ce masa ya duba kwanan watan kwamfutarsa. Tsofaffin kwamfutoci da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu sukan koma shekarun baya, sai takardar shaidar shafin ta zama kamar ba ta fara aiki ba. In kowa ne ke gani, galibi takardar ce ta ƙare.

In ta kan kwamfuta ce

Kwamfutarka cike take da kayan da ka girka ka manta, ta mai shago kuwa babu su. Shi ya sa ake ganin `VCRUNTIME140.dll was not found`. Kada ka sauko da fayil ɗin shi kaɗai daga shafukan da ba ka sani ba, garin neman gira a rasa ido. Girka Visual C++ Redistributable daga Microsoft, ka lura ko na 32 ko na 64 manhajar ke buƙata. Kafin ka kai wa kowa aiki, gwada shi a kwamfutar da ba a taɓa rubuta kod a kanta ba.

`ModuleNotFoundError` bayan ka rantse ka girka fakitin yana nufin Python biyu ne a kwamfutar, ka girka a ɗaya kana kunnawa da ɗaya. Yi amfani da `python -m pip install`, kuma kowane aiki ka ba shi `venv` nasa. `EADDRINUSE`, ko Apache na XAMPP ya ƙi tashi, wani ne ya riga ka zama a ƙofar: `netstat -ano | findstr :3000`, da lambar ƙofar taka a gurbin 3000, zai ba ka lambarsa, ka duba ko wane ne kafin ka kore shi da `taskkill`.

Hanyar fayil ma tana kayar da mutane. Ka rubuta `C:\Users\` da sunanka a cikin kod, a kwamfutar wani babu wannan folda. Windows ba ta barin manhaja ta yi rubutu a `Program Files` haka kawai, wurin ajiyar bayanai shi ne `AppData`. Mafi ciwo: manhajar da PyInstaller ya dunƙule fayil guda tana warware kanta ne a foldar wucin gadi, ta share in an rufe. In rumbunka yana cikin wannan folda, cinikin yini guda zai bi ruwa kowane dare.

Taga ta daskare, Windows ta rubuta `Not Responding`? Hannun da ke zana allo da amsa danni guda ɗaya ne. In ka ba shi aiki mai nauyi, kamar haɗa rahoton shekara ko jiran intanet, bayan kamar daƙiƙa biyar Windows za ta ɗauka manhajar ta suma. Miƙa aikin ga wani zaren daban, `Task.Run` da `await` a C#, `threading` a Python, amma sakamakon ya dawo ta hannun farko kafin ya taɓa allo.

Sai wuta. A wajenmu ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu ba tsautsayi ba ne, abin yau da kullum ne, dole a gina manhaja da saninsa. Ciniki ɗaya yakan taɓa teburi biyu ko uku: a rubuta sayarwa, a rage kaya, a ƙara bashi. Ɗaure su cikin hada-hada guda tsakanin `BEGIN` da `COMMIT`, ko duka su shiga ko babu wanda ya shiga. In fayil kake adanawa, rubuta sabon a gefe, in ya kammala ka sauya masa suna ya maye tsohon. In kana zargin rumbun SQLite ya taɓu, `PRAGMA integrity_check` zai faɗa maka. `database is locked` kuwa yawanci wata igiya ce ka buɗe ba ka rufe ba, ko ka bar rumbun a buɗe cikin wata manhajar dubawa da sauyin da ba ka adana ba. Kwafin ajiya kuma ba a fafe gora ranar tafiya: ya riƙa yin kansa kullum, zuwa wani wuri da ba wannan kwamfutar ba, kuma ka taɓa gwada dawo da shi ko sau ɗaya.

In ka maƙale

Bayan awa ɗaya babu ci gaba, tashi. Je ka yi alwala, ka taka zuwa wurin mai shayi. In ka dawo, bayyana wa wani matsalar da baki, layi bayan layi, ko da bai san komai a harkar ba. Sau da yawa kana tsakiyar bayani za ka ji bakinka ya faɗi abin da ba haka kod ɗin yake ba.

In za ka bincika a intanet, kwafi saƙon kuskuren ka cire sunayen fayilolinka, ka ƙara sunan yaren da sigarsa. Duba shekarar amsar da ka samu a Stack Overflow: shafin yana nan tun 2008, kuma amsoshi da yawa na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun farkon 2020. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa, ina amfani da su, amma sukan ba da amsar da ba daidai ba cikin cikakkiyar natsuwa. Kada ka manna abin da ba za ka iya bayyana shi ba. In kuma mutum za ka tambaya, matambayi ba ya ɓata, amma ka rage kod ɗin zuwa 'yan layukan da ke nuna matsalar, ka faɗi abin da ka riga ka gwada. Kuma ka duba da kyau kada kalmar sirri ko makullin biyan kuɗi su bi hoton. In sun riga sun fita, gogewa ba ta isa ba, sai an sauya su.

Bayan an gyara

Sake bin matakan nan na farko da suka jawo matsalar, ka tabbatar ta tafi. Sannan ka nemi 'yan uwanta, don kada a kashe maciji ba a sare kansa ba. Da na gyara gurbin suna a manhajar Alhaji, na bincika duk inda na manna rubutu cikin SQL, na samu wasu wuraren suna jiran nasu Mu'azun. Cire duk `print` ɗin da ka dasa, ka mayar da `APP_DEBUG` zuwa `false` in ka kunna shi a saba, ka adana a Git da bayanin abin da ya faru da dalilinsa.

Daga ranar na buɗe wani fayil na bayanan gwaji da kowace manhaja sai ta haɗiye shi kafin ta bar hannuna. A ciki akwai Mu'azu da miƙaƙƙiyar alama da lanƙwasasshiya, akwai Ɗanladi da Ƙasimu, akwai lambar asusu mai farawa da sifiri biyu, farashi mai waƙafi a tsakiya, gurbin da aka bari fanko, da cinikin ƙarfe 12:30 na daren ƙarshen wata. Na ƙarshe a jerin ba a fayil yake ba: ina kunna tsohuwar kwamfutar gwaji, in fara adana ciniki, in fizge wayar wuta daga bango, sannan in kunna in ƙirga abin da ya rage a teburin.